Takunkumi da Allurar Mako-Mako: Halin da Masu Cutar MS Ke Ciki a Iran

 Yau shirinmu na kiwon lafiya zai kai mu ƙasar Iran, inda za mu haɗa abubuwa biyu da ba a saba jin su a zance ɗaya ba. Na farko takunkumin karya tattalin arziki, wanda kullum muke ji a labaran duniya. Na biyu wata cuta ce ta jijiyoyi da likitoci ke kira maltiful sikilerosis, ko MS a taƙaice. Kada sunan ya ruɗe ku, ba ta haɗa komai da sikila ba. Sikila a jini take, wannan kuwa ƙwaƙwalwa da laka take kamawa.

Bari mu fara da cutar kanta, don sai an san halinta za a gane dalilin da ya sa takunkumi ya fi yi wa masu ita illa fiye da masu wasu cututtukan da yawa.

Kowa ya san wayar lantarki: jan ƙarfe a ciki, roba ta lulluɓe shi. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ido da hannu da ƙafa da mafitsara su ma suna da tasu rigar, wadda ake kira mayelin. A jikin mai MS, garkuwar jikin da aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta ita ce take juyowa ta riƙa cin wannan rigar. Duk inda ta ci, saƙo sai ya yi jinkiri, ko ya ɓace a hanya. Shi ya sa alamun ba iri ɗaya ba ne. Wata za ta wayi gari ido ɗaya ya yi hazo, yana mata zafi in ta juya shi. Wani ƙafa ce za ta mutu masa, yana tafiya yana jan ta. Akwai mai ganin abu bibbiyu, akwai mai jiri, akwai wanda fitsari ke kufce masa. Ga kuma wata irin gajiya da barci ba ya maganinta, wadda ke ƙaruwa idan jiki ya ɗauki zafi.

Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya yi cikakken bayanin cutar a birnin Faris a 1868. Ƙididdigar da ƙungiyar masu cutar ta duniya ta fitar a 2020 ta nuna mutum kimanin miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ita. Galibi tana bayyana ne tsakanin shekara 20 zuwa 40, wato daidai lokacin karatu da aure da reno da neman na kai, kuma ta fi kama mata, ninki biyu zuwa uku na maza.

Abin da nake so ku riƙe shi ne yadda take tafiya. Wajen kashi 85 cikin 100 na masu ita, da farko zuwa take yi tana komawa. Ta tashi, ta yi kwanaki ko makonni, ta lafa, mutum ya miƙe kamar ba shi ba. Amma kowane tashi yana iya barin tabo a ƙwaƙwalwa ko a laka, kuma akwai ɓarnar da take yi a ɓoye ko da mutum yana jin garau. Jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Har yau babu maganin da ke warkar da MS. Magungunan da ake da su tsare gaba suke yi: suna rage yawan tashin cutar, suna jinkirta ranar da mutum zai kama sanda ko ya hau keken guragu. Na farkonsu, intaferon beta, an amince da shi a Amurka a 1993. Daga baya aka samu Avonex, allurar da ake yi sau ɗaya a mako, da Rebif sau uku a mako, da Tysabri da ake ɗaurawa kamar ƙarin ruwa duk mako huɗu, da ƙwayar Gilenya a 2010, da Ocrevus a 2017, wanda ake ɗaurawa duk wata shida.

To kun ga inda gizo ke saƙar. Wanda ya rasa maganin ciwon kai na wata uku, ya sha wahala ta wata uku, an wuce wurin. Mai MS da ya rasa nasa na wata uku, in aka yi rashin sa'a cutar ta tashi a tsakani, yana iya rasa ƙarfin ƙafa ko wani ɓangare na ganinsa har ƙarshen rayuwa, ko da maganin ya dawo kanti washegari. Wasu magungunan ma barinsu farat ɗaya ya fi rashin fara su haɗari. An san Tysabri da Gilenya da wannan: in aka yanke su ba tare da an maye gurbinsu ba, cutar kan dawo da ƙarfin da ya fi na da, cikin makonni ko 'yan watanni. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka game da Gilenya a Nuwamban 2018. Ku riƙe wannan watan, za mu sake haɗuwa da shi.

(Kiɗa)

Me ya sa Iran? Domin tana cikin ƙasashen Gabas ta Tsakiya da cutar ta fi yawa. A Tehran da Isfahan, binciken likitocin ƙasar ya nuna masu ita sun haura 100 a cikin kowane mutum 100,000. Ita ce kuma ƙasar da ta daɗe tana ɗauke da takunkumi tun bayan juyin juya halin 1979, ana ƙara ɗaure shi ana sassautawa.

Idan ka tambayi jami'an Baitul-malin Amurka, za su ce maka ba su hana sayar wa Iran magani ba. Kuma a takarda gaskiyarsu ce. Dokokin takunkumin sun ware abinci da magani da yawancin kayan asibiti, sun ce waɗannan halal ne a yi cinikinsu. Sai dai ciniki ba ya ƙarewa a kan an yarda a sayar. Sai kuɗi ya tashi daga Tehran ya isa asusun kamfani a Siwizalan ko Jamus. Sai wani banki ya yarda ya karɓi kuɗin. Sai kamfanin inshora ya tsaya wa kayan, sai jirgi ya ɗauko su. A nan ne igiyar take tsinkewa.

A Maris na 2012 aka cire manyan bankunan Iran daga SWIFT, hanyar da bankunan duniya ke aika wa juna saƙon biyan kuɗi. Bankunan Turai da suka rage suna da ikon yin hulɗa da ƙasar ta halal, su ma sai suka ja da baya, kuma ba a rasa dalili ba. A ƙarshen 2012 bankin HSBC ya biya tarar dala biliyan 1.9 a Amurka, kan laifuffukan da suka haɗa da keta takunkumi. A 2014 aka ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan 9 saboda hada-hadar da ya yi da Sudan da Iran da Kyuba. Yanzu ka sa kanka a kujerar ma'aikacin banki a Jeniba ko Frankfurt. Takarda ta zo gabanka, wani kamfani a Tehran zai biya kuɗin allurai. Ribar da bankinka zai samu 'yar kaɗan ce. Idan kuwa daga baya aka gano ɗaya daga cikin masu hannun jari a kamfanin ko a bankinsa yana cikin jerin waɗanda aka haramta, tarar tana iya girgiza bankin gaba ɗaya. Ba wanda zai kore ka daga aiki don ka ce a'a. Sai ka ce a'a. Masana suna kiran wannan wuce gona da iri wajen bin doka, kuma jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya mai bincike kan takunkumi a lokacin, Alena Douhan, wadda ta ziyarci Iran a Mayun 2022, ta nanata cewa shi ne ke toshe hanyar da doka ta ce a buɗe take.

A shekarar 2012 ɗin abin ya fito fili. Riyal ya faɗi warwas, cikin shekara guda ya rasa fiye da rabin darajarsa. Fatemeh Hashemi, shugabar gidauniyar da ke tallafa wa masu cututtuka na musamman, 'yar tsohon shugaban ƙasa Rafsanjani, ta rubuta wa Sakatare-Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Ban Ki-moon, wasiƙar koke. Shi ma Ban Ki-moon, a rahoton da ya gabatar wa Babban Zauren Majalisar a wannan shekarar, ya ambaci ƙarancin magungunan kansa da na ciwon zuciya da na numfashi da talasemiya, ya kuma ambaci MS da sunanta.

Mu sauko daga ofisoshi mu shiga gida. A ce wata malamar makaranta ce a Isfahan, misali nake kawowa, shekarunta talatin da 'yan kai. Duk daren Alhamis takan buɗe firij ta ɗauko allurarta, ta ajiye ta ɗan huce daga sanyi, ta goge cinya da auduga, ta soka da kanta. Ta zaɓi Alhamis ne don Juma'a ba aiki, domin intaferon kan saukar da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi a daren da aka yi shi, sai an haɗa da farasitamol. Wannan allurar dole ta zauna cikin sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga masana'anta har zuwa firij ɗinta. Kayan da suka biyo ta hannun dillalai uku a ƙasashe uku, suka kwana a rumbun da ba wanda ya san ko da wuta ko babu, wa zai rantse mata cewa ba su lalace ba?

Ran da ta je kantin magani aka ce babu, sai a fara buga waya. A Tehran akwai sanannen kantin nan na 13 Aban, da na ƙungiyar Red Crescent, inda masu neman magungunan da ba a samu ko'ina suke yin layi da takardar likita a hannu. Wanda bai dace a nan ba, ƙafarsa kan kai shi titin Nasir Khosrow, kusa da babbar kasuwa, inda samari ke tsaye a bakin hanya suna raɗa wa masu wucewa "daru, daru", wato magani. A can kusan komai akwai, a farashin da mai kaya ya ga dama. Akwai na gaske, akwai wanda wa'adinsa ya wuce, akwai jabu tsagwaronsa. Gaba kura, baya sayaki: ta bar allurar cutar ta tashi, ko ta soka wa kanta abin da ba ta san asalinsa ba.

Adalci ne a faɗi cewa Iraniyawa ba su naɗe hannu ba. Tun tsakiyar shekarun 2000 kamfanin CinnaGen na ƙasar, tare da haɗin gwiwar cibiyar Fraunhofer ta Jamus, ya fitar da CinnoVex, kwatankwacin Avonex, da sauƙin kuɗi ƙwarai. Daga baya aka yi ReciGen a madadin Rebif, kamfanin AryoGen ya yi rituksimab ɗinsa, har kwatankwacin Ocrevus an yi a cikin gida. Ba ƙaramin aiki ba ne, domin waɗannan magunguna daga rayayyun ƙwayoyin halitta ake samar da su, ba haɗa gari ake yi a matse ya zama ƙwaya ba. Ba don su ba, da dubban masu MS a ƙasar sun zauna ba komai. Hukumomin Iran na cewa kusan kashi 97 cikin 100 na magungunan da ake sha a ƙasar a gida ake yin su.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Ragowar ɗan kason da ake shigowa da shi, shi ne na cututtuka masu wuya, kuma shi ya fi cin kuɗin waje. Na gidan ma, da yawansu sinadaran haɗa su daga waje ake sayowa, haka injinan masana'anta da kayan gyaransu, duk ta wannan toshasshiyar hanyar banki. Sannan MS ba cutar da magani ɗaya ke yi wa kowa ba ce. Wani intaferon ya riƙe shi shekara goma lafiya lau, wani kuwa cutarsa ta fi ƙarfinsa, sai an hau da shi zuwa mai ƙarfi. Likita kan zaɓa ne bisa abin da hoton ƙwaƙwalwa ya nuna. Idan zaɓin ya koma bisa abin da ya rage a kanti, wannan watan wannan, wata mai zuwa wancan, likita da majinyaci duk lalube suke yi.

Hoton ma da nake faɗa, na'urar MRI ce ke ɗaukarsa, kuma da wuya a gane MS ko a bi sawunta ba tare da ita ba. Manyan masu ƙera ta su ne Siemens da Philips da GE. Maganaɗisun da ke cikinta sai an sanyaya shi da ruwan iskar hiliyom, ana kuma yi wa majinyaci allurar wani sinadari, gadoliniyom, don sababbin tabbai su haska. Wasu kayan asibitin ma ba su cikin waɗanda aka yafe kai tsaye, sai an nemi izini na musamman daga ofishin OFAC na Baitul-malin Amurka a Washinton, don gudun kada a karkatar da su zuwa wani aikin. Na'ura ta tsaya saboda wani ɗan ƙarfe, layi ya yi tsawo, budurwar da idonta ya yi hazo ta yi ta jira kafin a gaya mata abin da ke damunta.

(Kiɗa)

Yarjejeniyar nukiliya da Iran ta ƙulla da manyan ƙasashen duniya a Biyana ranar 14 ga Yuli, 2015 ta kawo sauƙi, kamfanonin magani na Turai suka fara dawowa. Ranar 8 ga Mayu, 2018 Shugaba Donald Trump ya fitar da Amurka daga cikinta. Gwamnatin Iran ta tsayar da dala a riyal 42,000 don shigo da magani da kayan masarufi, amma kafin ƙarshen Yuli dala ta haura riyal 100,000 a kasuwar bayan fage. Iran ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Heg, kuma ranar 3 ga Oktoba, 2018 alƙalan suka umarci Amurka ta kawar da duk wani cikas ga shigar magani da kayan asibiti da abinci. Ba a yi mako biyu cikakku da wannan hukunci ba, sai ga takunkumi a kan bankin Parsian, wanda kamfanonin Turai suka fi dogara da shi wajen karɓar kuɗin magani da abinci. Ranar 5 ga Nuwamba sauran takunkumin suka dawo gaba ɗaya, aka sake yanke wasu bankunan ƙasar daga SWIFT. Wato a watan da likitoci a Amurka ke karanta gargaɗin kada a yanke wa mai MS Gilenya farat ɗaya, a watan ne aka ƙara ɗaure hanyar da magani ke bi ya isa Tehran.

Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a Oktoban 2019 a kan wannan lamari. A ciki har da labarin yara masu wata cutar fata da ke sa fatarsu ta riƙa saɓulewa, waɗanda wani kamfanin Suwidin ya daina aika musu bandeji na musamman saboda tsoron takunkumi. Bandeji fa, jama'a.

An yi ƙoƙarin haƙa wasu hanyoyin. Faransa da Jamus da Birtaniya sun kafa INSTEX a Janairun 2019 don a yi ciniki ba tare da dala ta shiga ba. Sai a Maris na 2020 aka yi cinikin farko ta cikinta, na kayan asibiti, kuma a 2023 aka rufe ta ba ta tsinana abin kirki ba. Siwizalan ma ta buɗe tata hanyar a farkon 2020, da amincewar Amurka, amma abin da ya bi ta cikinta bai taka kara ya karya ba.

Yanzu kada wani ya ce na ɗora wa Amurka da Turai kaya duka na wanke gwamnatin Iran. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A Disamban 2012 Shugaba Mahmud Ahmadinejad ya sallami ministar lafiyarsa, Marzieh Vahid-Dastjerdi, mace ta farko da ta riƙe muƙamin minista tun bayan juyin juya hali. Laifinta shi ne ta fito ta ce ba a sakar wa ma'aikatarta dalolin sayen magani ba, alhali ana shigo da motocin alfarma da dala mai rahusa. Ita kanta dalar riyal 42,000 ta zama saniyar tatsa ga masu uwa a gindin murhu: a karɓa da sunan magani, a karkatar. Maganin da gwamnati ta sa wa tallafi kuma a yi fasa-ƙwaurinsa zuwa Iraƙi da Afganistan. Da aka janye wannan dalar a 2022 aka mayar da tallafin ta hannun inshora, farashi ya yi tsalle, masu kantin magani suka koma jiran inshora ta biya su bashi. A ganina takunkumi ne ya ƙuntata ƙofar, na cikin gida kuma suka yi ta cin kasuwa a bakinta. Wanda ya ƙaƙaba takunkumin ba zai fake da cin hancin Tehran ba, domin ya san sarai yadda bankuna za su yi in ya tsorata su. An gaya masa tun 2012.

Masu sauraronmu na Nijar ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta rufe iyakoki ta dakatar da hada-hadar kuɗi, Najeriya ta yanke wuta. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a Malanbil, ga Gaya can tsallaken kogi, alhali a lokacin mafi yawan magungunan ƙasar ta tashar ruwan Kwatano suke shigowa. Sai da aka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. MS ba ta yawaita a yankinmu kamar Iran ba, amma mai ciwon suga da insulin ɗinsa ke bukatar firij, da mai farfaɗiya da ba ya tsallake ƙwayarsa ko ta kwana ɗaya, sun ɗanɗani irin wannan zaman har zuwa 24 ga Fabrairu, 2024 da aka ɗage takunkumin.

Akwai wasu matakai biyu da ya kamata ku sani. A Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya magungunan MS guda uku, kiladiribin da gilatirama da rituksimab, a cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, karo na farko ke nan da cutar ta samu shiga jerin. Kafin nan, a Disamban 2022, Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2664, wanda ya ware ayyukan jinƙai daga matakan ƙwace kadarori na Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai dai ƙudurin takunkumin Majalisar kaɗai ya shafa. Wanda wata ƙasa ta ƙaƙaba a gashin kanta, irin wanda ya fi danne bankunan Iran, yana nan a hannun wadda ta sa shi.

Ga duk mai saurarenmu da ke kan ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, ko yake jinyar mai shan su: in ka hango maganinka zai yanke, kada ka jira sai allura ta ƙarshe ta ƙare, kada kuma ka riƙa tsallake mako don ya daɗe. Ka je wurin likitanka tun da sauran kwanaki, domin sauya magani yana da tsari da gwaje-gwajen jini da ake yi kafin a fara sabo.